Akuyar da ba ta kai Sabuwa ba

Shekarar da Gwaggo ta dawo gidanmu na Ƙanƙara, ni aka ce in riƙa kwana ɗakinta, saboda ba ni da surutu. Yayar Baba ce. Mijinta hatsi yake sayarwa, suna zaune a Ruwan Godiya. Wata rana ya tafi kasuwar Sabuwa, aka dawo da shi a bayan mota a lulluɓe. Da ta fita takaba Baba ya aika aka ɗauko ta, da akwatinta, da tukwanenta, da wata tsohuwar waya mai tsagaggiyar fuska wadda ta ɗaure da kyauro don kada murfin ya faɗi.

Gwaggo ba ta karatun boko, don haka mijinta bai taɓa rubuta mata saƙo ba, magana yake turo mata. Duk suna cikin wayar. Ba wasu kalamai ba ne: a ba tumaki dusa, kada a sayar da wake sai ya dawo, a ce wa maƙwabci ya maido da galma. Akwai guda da ta fi sakawa. Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, sai ya yi ɗan tari, sannan ya ce ta kwashe shanya, hadari ya haɗo ta gabas, kada ta tsaya jiransa. Bayan kowace sallar asuba takan kara wayar a kunne ta saurara, ni kuma ina saka kayan makaranta ina yi kamar ban ji ba.

A lokacin ne Yaya, babban wana, ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida ba aiki. Ya haɗa wani wasan waya. Akuya ce ta tsinke igiya tana gudu cikin kasuwa, mai wasa yana kautar da ita da yatsa daga babura da baro da kwandunan tumatir. Idan ta yi karo sai ta yi kuka, a koma farkon kasuwar. Daga kasuwar Ƙanƙara ake farawa, sai Pauwa, sai Faskari, ta ƙarshe Sabuwa.

Ya ce inda ake ɗora irin waɗannan wasanni ba za su karɓi nasa ba sai wasu mutane sun saka shi a wayoyinsu sun yi ta gwadawa na wani lokaci, kuma kada kowa ya cire shi a tsakani. Ya sanar a guruf ɗin unguwa na waya yana neman masu sa kai. Wani ya tambaye shi ko da data za a haɗa, wani ya ce shi akuyar gidansu ma ta ishe shi gudu. Waɗanda suka saka don kunya ba su sake buɗewa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne wasan yana maƙalewa a tsofaffin wayoyi, kuma duk abokansa sababbi gare su.

Wata la'asar Gwaggo tana tsintar wake a gindin darbejiyar tsakar gida, ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ta ara masa waya ya duba wani abu. Ita ta yaye shi yana ƙarami, har yanzu "ɗan yayena" take ce masa. Ta kwance bakin zani ta miƙa masa. Daga inda nake wanke hijabin makaranta na ga ya yi tsaki, ya ce wayar ta cika da tarkace, babban yatsansa ya yi ta sama da ƙasa. Sannan ya nuna mata yadda ake tura akuyar hagu da dama. Ta yi dariya ta ce wannan akuya ba ta da mafaɗi.

Washegari da asuba ta danna inda ta saba dannawa, ba komai. Ta goge fuskar wayar da gefen zani ta sake dannawa. Ta miƙo mini, na duba ko'ina, wurin fayau. Ba ta ko saka takalmi ba ta tafi ƙofar shagon da Yaya ke kwana ta yi ta bugawa har ya fito yana murza ido. Mama ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

Na ga fuskarsa lokacin da ya gane abin da ya goge. Ya kalli Mama, ya kalli ƙasa, sannan ya ce, "Gwaggo, ba su ɓata ba. Wasan ne ya rufe su. In kika kai akuyar Sabuwa za su buɗe."

Ta tambaye shi ko da gaske yake, ya ce da gaske. Ta koma ɗaki tana riƙe da wayar da hannu biyu kamar kwanon da ya cika da miya.

Ina jin tsoro ne ya sa ya faɗi haka a ranar. Amma bayan kwana kaɗan ya ga amfanin maganar. Gwaggo ta zama ita kaɗai mai gwajin gaske. Tana yi kafin ta karya, tana yi bayan azahar, ni ke kai mata caji shagon bakin layi in an ɗauke wuta. Yatsanta ya yi kanta wurin tura taɓarya, wayar ba ta jin sa sosai, sai ta riƙa lasar sa tukuna. Duk inda akuyar ta maƙale sai ta aika a kira Yaya, ta ce masa a Pauwa in ta bi bayan mai rake sai ta shige bango ta tsaya. Shi kuma ya ce madalla, ya koma shago ya gyara, ya sake tura mata sabo.

Labari ya fita. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa da sunan aron rariya, su tsaya su ce, "Hajiya, yau an kai ina? An wuce Pauwa?" Su fita suna toshe baki da mayafi. Yaran layi suka koyi kukan akuyar, irin wanda take yi in ta yi karo, suna yi duk lokacin da Gwaggo ta fito zaure. Mama ta ce wa Yaya ya ji tsoron Allah, ya ce to ita ta je ta gaya mata. Mama ba ta je ba. Ta ce ai ko ba komai yanzu Gwaggo tana cin abinci, ta daina zama tana kallon bango. Baba yana Faskari wurin aiki, in ya zo ba mai kai masa irin wannan magana.

Wata rana na kai wa Yaya abinci shago, na same shi da abokinsa. Abokin yana ce masa da tun ranar ya cire wasan ya kai wayar wurin mai gyara, wataƙila da an ceto wani abu, amma kowane sabon da yake turawa yana ƙara binne su. Yaya ya ce in ya cire, gwajin zai koma farko. Sai abokin ya tambaye shi me zai yi in tsohuwar ta kai Sabuwa. Yaya ya yi dariya ya ce ai bai ma gina Sabuwa ba tukuna, kuma ya ƙara babura a Faskari, ba za ta wuce ba.

Ban iya magana gaban manya ba, amma ranar bayan la'asar na zauna kusa da ita na ce a hankali, Gwaggo, maganar nan ba gaskiya ba ce, muryar ta tafi. Ba ta ɗago ba. Akuyar ta yi karo da baro ta yi kuka.

"Kin ga kin sa na faɗi," ta ce. "Ke mi kika sani? Shi da ya yi karatun abin, ko ke?" Daga ranar ta daina ba ni cajin, ta koma aiken ƙanena.

Ta wuce Faskari duk da baburan. Ranar Juma'a ce, an dawo masallaci, an shanya masara a tsakar gida. Na ji ta ce alhamdu lillahi, ta kira ni da sunan da ta daina kirana da shi, ta ce, "Uwata, zo ki karanta mini." Fuskar wayar ta yi shuɗi, da rubutun Turanci a tsakiya. Na fassara mata: an gode wa masu gwaji, kasuwar Sabuwa tana nan zuwa. Ta ce in sake karantawa, na sake. Ta kara wayar a kunne ta jira. Can sai akuyar ta yi kuka, mai tsawo, wanda Yaya ya saka don murna. Wani yaro a bayan katanga ya amsa mata, sauran suka kwashe da dariya.

A lokacin Yaya ya shigo, da sallaya a kafaɗa. Ya leƙa wayar, ya ce kai, Gwaggo ta fi duk samarin garin nan. Ya roƙe ta kada ta cire shi tukuna, saura kaɗan a gama. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ba ta ce masa ɗan yayena ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta kife ta.

Wajen yamma iska ta juya, gabas ta yi baƙi. Gwaggo tana zaune tana kallon masarar, ba ta tashi ba. Sai ta ce mini ai ta san ina ji kullum da asuba, in faɗa mata yadda mijinta yake cewa a saƙon nan, don ta rasa ko "ya haɗo" yake cewa ko "ya taso". Na ce ya haɗo. Ta ce in faɗi duka, har da tarin. Na yi ɗan tari, na faɗa da muryata, har wurin kada ta tsaya jiransa.

Ta saurara da ido rufe. "Ba haka ba ne," ta ce. Ta tashi ta ɗauko buhu, na riƙe mata baki, muka fara kwashe masarar.