Niyyar da Na Ɗaura a Bakin Zane

Ranar farko ta azumin shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara, ina aji uku a firamaren Sakajiki, malaminmu na addini ya tambaya ko su wa suka ɗaura niyya. Na riga kowa ɗaga hannu. Da yammacin jiya na ji Inna tana gaya wa yayyena cewa duk wanda bai ɗaura niyya ba yunwar banza zai sha, ni kuwa abin da na san ana ɗaurewa shi ne goro da kanwa a bakin zane. Sai na raɗa wa gefen zanena cewa gobe zan yi azumi, na ƙulle shi tamau. Da malam ya ce in faɗi yadda na yi, na fito gaban aji na nuna ƙullin.

Dariyar da aka yi har 'yan aji huɗu suka leƙo ta taga. Malam kansa ya juya wajen allo, kafaɗunsa na rawa. Kafin a tashi an laƙaba mini Mai Ƙulli, sunan ya bi ni rijiya, ya bi ni wajen gaɗa. Na daina zuwa makaranta. Kullum da safe sai in laɓe bayan rumbu, cikin karan dawar da aka jingine, ina jin muryoyin yara suna wucewa.

A nan kakata, Iya Hassu, ta tsince ni. Ba ta yi faɗa ba, ta miƙo mini taɓarya muka hau sussukar gero. Tana zuba zangarniya tana ba ni misali: idan aka ce mahaifina ya yi niyyar kasuwar Shinkafi, ai zuciyarsa ta riga jakinsa kama hanya. Da na kauce na bugi bakin turmi, ta riƙe hannuna. "Ɗiyata, inda hankalinki ya dosa, nan niyya take. Yanzu naki yana ina?" Na ce yana makaranta. Washegari ita ta raka ni har ƙofar aji, kaina a sunkuye.

Yau ina Ƙaura Namoda, ina koya wa 'ya'yana hukuncin niyya ba tuntuɓe. Amma sau da yawa nakan yi sallama in rasa raka'a nawa na kawo, hankalina na kan wayar da ke ƙara a ɗaki. Babu mai gani, babu mai dariya. Wannan kunyar ta fi waccan nauyi.