Baba Nkiwane, Mai Tsaron Ruwan Waɗanda Ba Sa Gida

Kafin masu shara su fito, Baba Zephaniah Nkiwane ya riga ya shigo unguwarmu a kan kekensa, da doguwar sandar raga ɗaure a gefe, da bokitin kulorin, maganin tsabtace ruwa, a bayansa. Daga unguwar Mpopoma yake tahowa, kuma ban taɓa jin ya ce da nisa ba. Gida-gida yake bi. Ya buɗe ƙofar baya, ya gaida kare da sunansa, ya tsaya a bakin kwamin ninkaya yana kallon ruwan. Sai ya durƙusa ya ɗebi kaɗan a 'yar kwalba, ya ɗiga maganin gwaji, ya ɗaga ta sama ya duba launi. Daga nan ya kwashe ganye, ya goge bango, ya tada injin da ke juya ruwan, ya zuba kulorin gwargwadon abin da ruwan ya nema.

Sama da shekara talatin ke nan yana wannan aiki a nan birnin Bulawayo. Ƙarshen watan nan zai ajiye sanda ya koma ƙauyensu a Tsholotsho. Gwiwoyi sun ƙi, ƙirji kuma ya gaji da shaƙar warin magani. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani tun yana kusa, yana iya ji.

Duk wanda ke da kwami a bayan gida ya san fargabar Disamba, don a ƙasarmu lokacin damina ne. Ga zafi, ga ruwan sama, ga kowa ya kulle gida ya tafi ƙauye ko Afirka ta Kudu. Ka bar ruwa garau, ka dawo ka tarar da miyar kuka, kwaɗi na biki a ciki. Wasu sukan cika 'yar robar nan mai yawo a kan ruwa da ƙwayoyin kulorin su tafi abinsu. Baba Nkiwane ba ya raina ta, amma yakan ce, "Roba ba ta san an yi ruwan sama jiya ba." Saboda haka mabuɗan rabin layinmu a aljihunsa suke yin hutu.

Akwai wani gida a ƙarshen layi da masu shi suka koma Ingila, suka yi shekaru ba su leƙo ba. Mai gadin gidan ne ya ba ni labari. Ya ce wata rana ya ga Baba a durƙushe yana kankare gansakuka a wani lungu ƙarƙashin matakala, inda ko mai ninkaya ba zai gani ba, sai ya ce masa, "Haba Baba, wa kake yi wa? Masu gidan ma sun manta kalar ƙofarsu. Wa zai gani?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "To ni makaho ne?"

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidan da muke katanga ɗaya.

Maƙwabciyata Gogo MaTshuma (Gogo a nan kaka ake nufi) tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mace mai baki, wadda ta saba ba da umarni ba karɓa ba. Bara, farkon damina, ta faɗi a ɗakin girki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. 'Yarta Nokuthaba ta zo ta ɗauke ta zuwa Johannesburg, can Afirka ta Kudu, inda take aiki. Ranar da za a tafi, ana saka ta a mota, ta kafe Baba Nkiwane da ido. Bakin ya karkace, magana ba ta fita sosai, amma mun ji ta.

"Nkiwane. Ruwana."

"Na ji, Gogo. Je ki dawo."

A can masu gashin ƙashi suka fara sa ta cikin ruwan ɗumi, aka ga ƙafar da ta ƙi motsi a ƙasa tana ɗan amsawa a ruwa. Gogo ta ce ai ita ma tana da ruwa a gidanta, a maida ta. Nokuthaba ba ta so. Ta kira ni a waya ta ce, "MaHadebe, ki faɗa mini gaskiya. Tsohuwar nan ta hana ni sakat. Na ce mata in har kwamin yana nan lafiya yadda za ta ci gaba da motsa jiki, zan kawo ta in samo mai kula da ita. In kuwa ya lalace, gidan ma sayar da shi zan yi, ta zauna a nan kusa da ni."

Ba a yi nisa da wannan magana ba aradu ta faɗa wa taransifomar layinmu. Wuta ta tafi, aka yi ta cewa gobe, jibi, har muka daina tambaya. Ɗan janaretan da nake da shi firji kawai yake iya ɗauka. Injin juya ruwa kuwa in ya tsaya, kulorin ba ya zagayawa, datti ba ya tacewa. Ɗaya bayan ɗaya ruwayen ninkayar unguwa suka juye kore. Nawa ma ya bi su, don Baba da kansa ya zo ya same ni, hula a hannu, ya ce, "MaHadebe, ƙarfina ba zai kai duka ba. Naku in wuta ta dawo zan tashe su. Na Gogo ne ba zai jira ba." Haka ya bi kowane gida ya faɗa, waɗanda ba sa nan ya sa aka kira su. Ba wanda ya ce masa a'a.

Abin da na gani ta kan katanga bayan nan, har yau ban manta da shi ba. Mutum ya mai da kansa inji. Ya narka kulorin a bokiti, ya zagaya yana zubawa kaɗan-kaɗan. Sai ya ɗauki doguwar sandar buroshi ya shiga tura ruwan, daga wannan kusurwa zuwa waccan, daga ƙasa zuwa sama, har sai duk kwamin ya ɗauki juyi. Ya huta, ya sake. Dattin da ya kwanta a ƙasa kuwa, tiyo ya cika da ruwa, ya jefa baki ɗaya ciki, ya ja ɗayan zuwa gangaren lambu, ya bi gindin kwamin a hankali yana zuƙewa. Don cike ruwan da ya ragu, ya tara ruwan indararo a ganguna, ya tace da tsohon zanen gado ya mayar. Da safe ya zo, da la'asar ya dawo. In hadari ya sauke da rana, kafin ƙasa ta tsane sai ka ji ƙarar ƙofar baya.

Wata rana na miƙa masa shayi da burodi ta kan katanga, na ga tafin hannunsa duk ya tsage.

Na ce, "Baba, so kake ka riga Gogo kwanciya? In ka faɗi a nan wa zai ɗauke ka?"

Ya yi dariya har da tari. "Ke mana. Ba aikinki ke nan ba, leƙe ta katanga?"

"Da gaske nake."

Ya hura shayin ya ce, "Matar nan ita ta karɓi haihuwar 'yata ta fari, lokacin da kowa ya ce uwar ba za ta tashi ba. Ban tuna mata ba, ita ma na san ta manta. Amma ko ba don haka ba, ai na ce mata na ji."

Baba Nkiwane, kai ne mai cika magana ko ba shaida. Kai ne ka riƙe wa tsohuwa hanyar gida da kafaɗunka, alhali ita ba ta ma san ana yi ba.

Ranar da Nokuthaba ta kira ni ta bidiyo, wuta ba ta dawo ba tukuna. Ta ce, "Na ji labarin taransifoma. Kada ki ɓoye mini, nuna mini kawai." Na fara haska mata nawa, kore shar, har da 'ya'yan kwaɗi. Na ji ta ja numfashi. Sai na ɗaga wayar ta kan katanga. Ruwan Gogo na ƙyalli, ana ganin zanen kowane tayil a ƙasa, ga Baba a gefe riƙe da sandarsa, rigarsa sharkaf da gumi.

Sai ta ce, "Da wace wuta?"

Kafin in amsa na ji muryar Gogo a bayanta: "Na gaya miki. Haɗa mini kayana."

A keken guragu aka dawo da ita. Washegari da hantsi, mai kula da ita da Nokuthaba suka saukar da ita matakala a hankali, har ruwa ya kai mata ƙirji. Ta riƙe bakin kwamin da hannun dama. Ta ja ƙafar hagun nan, ƙafar ta biyo. Ta sake, ta biyo. Nokuthaba ta fashe da kuka a cikin ruwa. Baba Nkiwane ya cire hularsa ya juya baya, wai yana duba inji, injin da ba wuta.

Gogo ta ɗago ta ce, "Nkiwane, ruwan nan ya yi sanyi."

"Wannan kuma ki kai ƙara wurin rana, Gogo. Ba sashena ba ne."

Yanzu 'yarsa Sikhangezile ce za ta karɓi mabuɗan, ita ɗin da Gogo ta karɓa a hannunta. Ya daɗe yana koya mata, kuma mun ga tana durƙusawa a lungunan da ba a gani.

Baba, mun gode. Mun gode da hutun da muka yi da kwanciyar hankali saboda kana nan, da yaranmu da suka yi iyo idanunsu ba su yi ja ba, da gaskiyar da ka faɗa mana ranar da ƙarfinka bai kai ba. Allah ya huta gajiya, ya sassauta maka ƙirjin nan. Ku kuma masu karatu, kowannenmu akwai abin da wani ya bar masa ya juya baya: shago, maras lafiya, aji cike da yara, gona. Ku riƙe shi yadda mutumin nan ya riƙe ruwan da ba nasa ba. Wanda kuma yake riƙe muku naku, ku san sunansa, ku gode masa yana raye.

Akwai saƙo ɗaya da aka ba ni in isar, Baba. Gogo ta ce a gaya maka jiya ta taka daga wannan bango zuwa wancan, ba wanda ya riƙe ta. Ta ce kada ka kuskura ka hau motar Tsholotsho sai ka zo ka gani da idonka.