Gandun Yaya Ilu

Duk wanda ya san Yaya Ilu a Bande ya san shi bisa katanga, kwamfuta a cinya, yana farautar rezo, wato sabis ɗin intanet. In ka gaishe shi sai ya ce, "Matsa can, ka tare mini iska."

Shafunan intanet yake ginawa, a kan wani harsashi na kyauta da mutanen ƙasashe suka haɗu suka yi, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Shafin ƙungiyarmu ta masu ƙuli-ƙuli ma a kansa ya ɗora. Ni da karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, sai ya sauƙaƙa mini: "Gandu ne, Hajo. Gonar gida."

To, gandun ya fara tsagewa. Wasu suka yi fushi, suka kwashi rabi, suka raɗa sabon suna. Su ma suka rabu. Kowa da gayaunarsa. Wani abokin Yaya ya bugo daga Damagaram: "Ilu, an watse fa, koma sabon." Ya ce, "Sabon bara ko na bana? Bari na baɗi ya zo, in haɗa su in ƙi gaba ɗaya."

Maigidana ya taɓa tsokanarsa: "Abin nan naka an ce ya mutu." Bai ko ɗago kai ba. "Da kai aka yi jana'izar?"

Akwai wani zaure a intanet inda masu gyaran ke haɗuwa a da. Kowace Juma'a sai ya shiga ya rubuta, "Sannunku da aiki." Shiru. In ya gaji da jira, ya amsa wa kansa, "Yauwa, Malam Ilu." Na ce, "Yaya, wa kake gaisarwa?" Ya ce, "Wanda zai zo. Kar ya tarar da kango ya juya."

Da ya rasu, kwamfutar ta faɗo hannuna. Ban iya gyara komai ba, inda yake dannawa kawai na riƙe. Katanga ta fi ƙarfina, turmi nake takawa.

Kwanan baya na ga rubutun Faransanci a zauren. 'Yata ta karanta mini: wani ne daga nesa yake tambaya ko da sauran kowa a nan. Da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, na rubuta, "Da mutane. Sannu da zuwa."

Bai sake magana ba. Duk Juma'a dai ina leƙawa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya sauke ka inda in ka yi sallama za a amsa.