Igiyar Hajo a Turken Arzika

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Arzika makwancinsa a Sukukutane, kuma sai bana na rasa yadda zan ba da labarinsa. Da can abin ba wuya. In an tambaye ni, sai in ce shi ne mutumin da bai taɓa hana aron bijimi ba.

Al'adar gidanmu ce tun kakanni, amma shi ya fi kowa riƙe ta. Duk wanda saniyarsa ta nemi namiji zai zo da igiyarsa, ya kwance Jatau daga turke ya tafi da shi. Ba ciniki. In ya maido, ya haɗo da damin harawa, in babu kuma godiya ta isa. Jatau jan bijimi ne mai farin goshi, ga tozo, ban taɓa ganin ya juya wa abinci kai ba.

Sai wata shekara shanun ƙauyen suka daina riƙe ciki. A hau saniya, wata ya zagayo, ta sake nema. Cikin waɗanda suka riƙe ma wasu suka yi ɓari. Tsofaffi suka ce Doguwa, iskar fadama, aka saɓa wa, a yanka baƙin bunsuru. Samarinmu masu kasuwanci a Dogon Dutsi suka ce irin wannan yankan ne ma ke jawo fushin Allah. Arzika bai bi kowa ba. A ganinsa yunwar rani ce ta karya sauran bijimai, don haka ya ƙara sakin Jatau, har ƙauyukan da ba su taɓa aro ba yake jan sa da kansa, ƙafafun yayan nawa duk sun tsattsage. Da abin ya lafa, mutane suka ce da ba don shi ba da shanun garin sun ƙare. Ni ma haka nake faɗa.

Ƴarsa Ramatu ce ta rikita ni. Ta karanta likitancin dabbobi, yanzu tana aiki a Dogon Dutsi. Da ta zo hutu na ba ta labarin ina jiran ta yi alfahari da ubanta, sai ta ce akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zama a gaban bijimi, shi ko tari ba ya yi, amma duk saniyar da ya hau sai ya bar mata su.

"Jatau kike nuhi?" na tambaye ta.

"Ban gwada shi ba, Baba, ba ni iya rantsuwa. Amma alamun sun yi kama."

Na ce to a bi kowane bijimi da allura a kashe ƙwayoyin duka. Ta ce a'a, akwai na kirki a tumbinsa, har a gaban nasa ma. Wasu na taimaka masa narkar da ciyawa irinsa ya yi ƙarfi, wasu na tare miyagun, kuma masanan kansu ba su gama rarrabe su ba. Na ce mata abin da ba a gani, wani na gyarawa wani na ɓatawa, ai kakanninmu ma haka suka ce game da iskoki. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Tun ran nan nake tambayar kaina me Arzika zai ce. Shi da kullum yake faɗin alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, yaya zai ji in an ce alherinsa ne ya bi gida-gida da cuta? Wani lokaci ina jin haushin Ramatu, wani lokaci ina jin tsoron gaskiyarta. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ni sanin nan bai haska mini hanya ba.

Jikan Jatau yana kan turken nan a hannuna, Ramatu kuwa ta ce kada ya fita sai ta gwada shi. Makon jiya sai ga maƙwabciyarmu Hajo da igiyarta. Mijinta ya rasu, saniyarta ɗaya tak, da nononta take ciyar da jikoki. In na ba ta, ina iya ɓata mata saniyar. In na hana, ko lokacin nemanta ya wuce, ko ta nemi wani bijimin da shi ma ba wanda ya gwada.

Na ce, "Hajo, ki dakata har Ramatu ta duba shi."

"Saniya ba ta san dakata ba, Gado. Arzika bai taɓa ce min in tahi in dawo ba."

Ta dube ni, ta dubi bijimin, sannan ta durƙusa ta ɗaure igiyarta a jikin turken.

"Wanga gida ba a hita da igiya wohi," ta ce, ta tafi hannu sake.

In ka zaga Sukukutane yau za ka ga maruƙa masu farin goshi a gidaje da yawa, wannan na Arzika ne, ba mai ƙwace masa. Sauran kuwa ban sani ba. Igiyar Hajo tana nan, kullum in na kai harawa da safe sai na gan ta. Ban kwance ta ba, ban kuma sa ta a wuyan bijimin ba. Allah ya jiƙan yayana, ya bar mini turke da suna, bai koya mini yadda ake cewa a'a ba.