Dokta Ilu ya tafi bai sa rigarsa ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina tsakar shan koko, aka kira ni daga Dungas wai Ilu ya rasu.

Na ce wane Ilun?

Tare muka fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta Magarya, ni lissafi, shi kimiyya. Ban taɓa ganin mayen gero irinsa ba. Ya samu gurbin doktora a wata jami'a a Dakar, zai yi bincike kan irin geronmu na gargajiya. Duk hutu sai ya hau keke, Kwaya, Dogo-Dogo, ƙauye-ƙauye yana roƙon zangarniyar iri, wadda manomi ke warewa ya rataye a ƙuryar rumbu. Ba a sayar da ita. Amana aka riƙa ba shi, shi kuma ya ce zai mayar.

Ɗakinsa ya koma rumbu. Tabarmata ma a tsakar gida nake shimfiɗawa in na je.

Sai farin 1973 ya zo. Mutane suka cinye har irin shuka. Da damina ta kawo kai, ana gab da tafiyarsa, Ilu ya kwance kayan bincikensa kaf, ya mayar wa kowane gari irinsa.

Na yi masa faɗa sosai, na ce ya haukace. Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce: "Mushe, in je Dakar in yi bayanin geron da babu shi a gona?"

Gurbin ya wuce, bai sake dawowa ba. Mu kuma muka laƙa masa Dokta don tsiya, sunan ya bi shi har tsufa. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, amma na san abin ya ci shi.

Lokacin da matata ta yi doguwar jinya, shi ya riƙe mini ajina.

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwar Dungas ne, a wurin tela. Ya nuna mini babbar riga fara da ake yi wa aiki, wadda zai sa ya je Yamai. Jikarsa Rakiya za ta kare kundin doktoranta a Yamai mako mai zuwa, a kan geron nan da ya mayar. Yana dariya ya ce: "Ka shirya, tare za mu. Gidanmu zai samu dokta na gaske, ku huta da ni."

Ɗazu Rakiya ta kira ni tana kuka, ta ce ba za ta iya tsayawa gaban malamai ba. Na ce za ta tsaya, ni zan zo da rigar in zauna a kujerarsa.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa, ya sa aljanna ce makomarsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya haɗa da Rakiya, Allah ya ƙarfafa zuciyarta ranar nan.