Kwami Uku a Cikin Inji

Ina tsakiyar buga sunayen mutanen Gangara shef, shugabanmu na aiki, ya shigo biro, wato ofishinmu, limamin unguwarmu yana bayansa. Liman bai taɓa zuwa biro ba. Shef ya ce, "Madam, kashe injin nan ki taso." Jar fitilar disket, faifan da ake adana rubutu a ciki, tana ci, alamar injin yana rubutu. Na ce ya ɗan dakata. Na zauna ina kallon fitilar har ta mutu, na zare disket ɗin na sa shi a rigarsa, na kashe injin, sannan na miƙe. Liman ya gaya mini motar da ta ɗauko maigidana daga Belbeji ta kife a cikin rairayi tun da hantsi, kuma Allah ya yi masa rasuwa.

Wasu mata sun yi ta maganar wannan zama nawa a lokacin takaba, wai an zo mini da mutuwar miji ni kuwa ina lallashin ƙarfe. Tun da na ga liman na san abin da ya kawo shi. Amma Malam, haka nake kiran maigidana, shi ya koya mini kada a taɓa injin muddin fitilar tana ci, kuma sunayen da ke kan hanyar shiga disket a lokacin na mutane ne masu jiran awaki.

Malam ɗan wani ƙauye ne kusa da Gangara. Ya tashi yana jan takarkari a bakin rijiya kafin a kai shi lekol, makarantar boko. Da ya girma ya koyi gyaran rediyo a Yamai, aka turo shi Tanut yana kula da rediyon da ma'aikatan kiwo suke magana da shi daga daji. Mun yi aure bayan farin farko. Ni karatuna bai yi nisa ba, shekara biyu na yi a kolej, sai na koyi daktilo, aikin buga takarda da inji, a Damagaram, na samu aiki a biro ɗaya da shi. A gida baban yara ne. A biro kuwa in zai tsokane ni sai ya ce, "Madam daktilo, a ba talaka takarda ɗaya mana."

Bayan fari na biyu, wanda ya share garken mutane da yawa a Damargu, aka buɗe furoje, wato shiri na raba awaki ga makiyayan da suka rasa komai. Ma'aikata su shiga daji da kaye, littafin rubutu, su rubuta sunan mai gida da na ubansa da rijiyar da yake shayarwa, su kawo mini. Da furojen ne injin ya zo, mai ƙwaƙwalwa, da allon kallo mai koren rubutu, da injin buga takarda mai ƙara kamar ana yage atamfa. Baturen da ya kawo shi ya koya mini sati biyu ya tafi. Ya bar littattafai uku masu kauri, babu wanda ya buɗe su sai Malam. Gurub ɗin da ke ba biro wuta daga safe zuwa azahar kawai ake kunna shi, saboda haka kafin injin ya baro Yamai wani ya ƙara masa dabara, yadda zan iya buga sababbin sunaye alhali yana fitar da wani jerin a takarda. Na ji daɗin wannan dabara sosai.

Ran nan wani tsoho Bafillace ya zo daga Tenhiya. An yi rabon awaki a wajensu, an kira kowa ban da shi. Ya zauna a ƙofar biro da sandarsa da butarsa. Bai ɗaga murya ba. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce wa shef, "Na tsaya gaban mai rubutu. Na faɗi sunana, na faɗi na ubana. Ya rubuta, na gani da idona. Ina sunan ya tafi?"

Aka duba kaye, sunan yana nan. Aka duba jerin da na fitar, babu shi. A gurbinsa akwai sunan wani mutum da ba ɗan Tenhiya ba ne ma. Shef ya juyo kaina a gaban tsohon da direbobi. Ya ce inji ba ya mantuwa, mutum ke mantuwa, in kuma hankalina yana kan tukunyar gida to in koma gida. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, in aka sake samun irin wannan zai nemi wata daktilo daga Damagaram. Shekarata goma sha ɗaya ina buga takarda a biron nan ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba.

Da muka koma gida, bayan la'asar, Malam ya tambaye ni, "Wannan baƙon sunan da ya shiga jerin Tenhiya, na ina ne?"

Na ce na Tarka ne, na tuna shi don sunan ubansa irin na kawuna ne.

"Ranar da kika buga Tenhiya, me injin takarda yake fitarwa?"

Na ce Tarka.

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "To ba ke ba ce."

Ga yadda ya bayyana mini, kuma haka na riƙe shi har yau. Disket ba ya karɓar harafi ɗaya-ɗaya. Sai an tara masa rubutu a wani ɗan gurbi cikin ƙwaƙwalwar injin, in ya cika sai ya zo ya kwashe da kansa, kuma yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya gama. Injin takarda ma haka, a gurbi ake zuba masa yana ɗiba sannu a hankali. Malam ya kira gurbin kwami, irin wanda ake zuba wa dabbobi ruwa a bakin rijiya. Wanda ya ƙara dabarar nan a Yamai ya bar su duka da kwami ɗaya. Yawancin lokaci ba sa haɗuwa. Amma in aka yi rashin sa'a disket yana cikin sha, sai a zo a zuba rabon injin takarda a kai. Disket bai san bambanci ba, abin da ya tarar shi yake kwashewa.

Washegari ya roƙi shef ya tsaya ya gani. Ya sa na cika shafuka da kalmar akuya, ita kaɗai, ina adanawa, shi kuma ya sa injin takarda yana ta fitar da kalmar raƙumi. Muka yi ta yi har kusan azahar. Da muka buɗe abin da na adana, sai ga layi biyu na raƙumi a tsakiyar awaki.

Malam ya ce, "Shef, kana tsaye a kanta tun safe. Ka ga ta buga raƙumi?"

Shef ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce to a naɗe injin a mayar Yamai. Malam ya ce in ya tafi Yamai ba zai dawo ba sai bayan damina, kuma awakin da ba a raba kafin ruwa ba sun rasa ciyawar shekara. Ya nemi kwana goma.

Shef ya ce, "Kai fa mai gyaran rediyo ne."

Malam ya ce, "Kafin rediyo ni mai shayarwa ne, shef."

A cikin littattafan nan uku akwai ɗaya da aka buga dukan umarnin da ke can ƙasan injin, wanda yake magana da disket da allon bugu da injin takarda kai tsaye. Shafi bayan shafi na gajerun kalmomi da lambobi. Malam ya daɗe yana karanta shi don sha'awa, yana rubutu da fensir a gefe. Yanzu ya zauna da shi a kan tabarma a zaure kullum bayan azahar, in gurub ya mutu, yana rubuta nasa umarnin a kaye. Da safe ya karɓi injin na rabin awa ya gwada. Sau da yawa allon yakan daskare, sai ya kashe ya koma kan kaye. Tsohon Tenhiya yana nan bai tafi ba, a zaurenmu yake kwana, tare suke shan shayi. Malam ya yi masa bayanin abin da ya ci sunansa. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Garke biyu, kwami ɗaya, babu mai tsayawa a kai? Wanda ya gina wannan bai taɓa shayar da ko jaki ba."

Abin da Malam ya yi shi ne ya yanka kwami uku a cikin ƙwaƙwalwar. A bakin kowanne ya ajiye alama guda da ke faɗin a hannun wa yake: babu kowa, ko ana zubawa, ko disket yana sha, ko injin takarda yana sha. Mai son zubawa sai ya nemi wanda babu kowa a kansa, ya sa alamarsa tukuna. In duka ukun suna hannu, ya jira. Kuma ba mai zubawa ne yake cewa an gama ba, mai sha ne, in ya ɗaga kai ya ba da sanarwa, sannan a goge alamar. Ya ce haka ake yi a rijiyarsu, ba ka sakin garkenka don ka ga kamar na gabanka ya ƙoshi, sai mai shi ya kora ya ce maka bismilla. Wurin da ya fi ba shi wahala shi ne lokacin sa alamar kanta, don kada biyu su ga kwami babu kowa a lokaci guda su yi masa tsalle tare. Kwana uku ya yi a kan wannan kaɗai.

Sai kuma wuri ya ƙare masa. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce, kwami biyu sun samu gurbi, na uku ya rasa kaɗan. Ya bi umarnin layi-layi yana neman abin da zai cire. Injin yana da wata doguwar gaisuwa da Faransanci da yake nunawa duk safiya in an kunna shi. Malam ya share ta, kwami na uku ya zauna a wurinta.

Ranar gwaji muka sake yin akuya da raƙumi tun safe har gurub ya mutu, kwana biyu a jere. Raƙumi ko ɗaya bai shiga ba. Shef bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya dai tsaya a bayana ya ce, "Madam, injin naki ya daina gaisuwa."

Malam ya ce, "Aiki ya yi masa yawa, shef. Ni zan riƙa gaishe ka a madadinsa."

Daga ranar kuwa duk safiya sai ya leƙa ofishin shef ya ce inji yana gaisuwa.

Na ɗauki dukan kayen da aka taɓa kawo mini, na bi su suna bayan suna ina gwadawa da abin da ke cikin disket. Na samu waɗansu gidaje da suka faɗi kamar yadda tsohon ya faɗi, mutanen da ba su zo sun zauna a ƙofar biro ba, sun ɗauka rabonsu ne bai zo ba. Aka aika musu. Tsohon ya karɓi awakinsa. Kafin ya tafi ya ce a nuna masa sunansa. Na kira shi a allon, na sa yatsa a kai. Bai iya karatu ba, amma ya daɗe yana kallo. Ya ce mini, "Ƴata, ki riƙe shi da kyau."

Daga nan har furojen ya ƙare suna bai sake ɓata a injin nan ba. Wannan zan iya faɗa ko a gaban wa.

Abin da ya rage shi ne Belbeji. Kayensu a mota yake zuwa, wani lokaci ya yi sati uku a hanya, wani lokaci ruwa ya jiƙa shi, sunaye su narke. Malam ya ce tunda akwai rediyo a can akwai a nan, za a iya turo sunayen ta iska su faɗo cikin injin kai tsaye. Amma rediyo ba ya jira. Disket da injin takarda ana iya ce musu su dakata, shi kuwa in ya zo bai samu wurin zubawa ba, abin ya zube ke nan. Saboda haka yana bukatar kwaminsa na kansa, na huɗu, wanda kullum yake a buɗe, kamar yadda ake bar wa matafiyi ya sha ko da layi ya kai ina. Wurin da zai sa shi ne bai samu ba, babu sauran gaisuwar da za a share. Ya ce yana da wata dabara, sai ya auna rediyon Belbeji tukuna. Abin da ya kai shi can ke nan ranar da motar ta kife.

A watannin da suka gabaci tafiyar ya fara yi mini shifta. Ya ce aikin da mutum ɗaya kaɗai ya sani bai kammalu ba, ya kamata duk wanda ya zo bayansa ya iya karantawa. Yana faɗa da Faransancinsa ina bugawa, shafi ɗaya ko biyu a rana: yadda aka raba ƙwaƙwalwar, ma'anar kowace alama, wa yake sawa, wa yake gogewa.

Bayan na fita takaba na koma aiki. Aka turo wani teknisiyan, masanin irin waɗannan injuna, daga Yamai, mai digiri daga waje, ya duba injin. Na ba shi shafukan. Ya zauna ya karanta su duka, ya koma farko. Sannan ya tambaye ni wane injiniya ne ya yi wannan, daga wace ƙasa. Na ce maigidana ne, ɗan Gangara, mai gyaran rediyo. Ya miƙe tsaye ya yi mini ta'aziyya a karo na biyu. Na tambaye shi ko zai iya sa na huɗun. Ya ce shi bai ga inda zai shiga ba, kuma ba ya so ya taɓa ukun da ke aiki.

Shafukan suna wurina a cikin akwati. Na ƙarshen yana da layi ɗaya a sama, inda na buga "Kwami na huɗu: rediyo", sauran farar takarda ce. Kayen Belbeji ya ci gaba da zuwa a mota, ta wannan hanyar, har aka rufe furojen. Kwami na huɗu ba a yi shi ba.