Ranar da Aka Kusa Hana Ni Dabino Saboda Ina Azumi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Wata huɗu ke nan ban ce uffan ba. Masu tambaya ko mutuwa na yi, to ban mutu ba, amma na leƙa.

Wanda bai san ni ba, direba ne ni, Jibiya zuwa Maraɗi. A tasha Na-Tumbi ake ce mini, kuma ba sharri aka yi mini ba, sitiyari har gogar cikina yake yi.

Abin da 'yan tasha ba su sani ba, ina da ciwon suga. Shekara uku ina shan ƙwaya, daga ni sai matata Hajara muka sani. Wa zai shiga motar direba mai ciwo? Haka nake gaya wa kaina.

Sai na ci karo da wani tsarin rage ƙiba a waya. Kwana biyar ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba fura, sai nama da ƙwai da zogale. Kwana biyu ka ci son ranka, sannan ka koma. Da yake dama ina azumin Litinin da Alhamis, sai na cusa su cikin kwana biyar ɗin, wai ni mai dabara, ga lada ga rama. Ƙwayar kuwa ban fasa ba, da sahur nake haɗiye ta. Likita ban gaya masa ba.

Hajara ta ce, "Malam, mutum fa da hatsi aka san shi." Na ce ta zuba ido ta sha kallo.

Tumbi ya fara sauka, ba ƙarya. Amma da hantsi sai hannuna ya riƙa rawa, gumi mai sanyi ya karyo mini. Wani lokaci in manta sunan wanda nake magana da shi. Na ce kitse ne ke narkewa.

Sati na shida, ranar Alhamis, na ɗauko fasinja mota cike. Muka shiga layin motoci a bakin iyaka muna jiran a duba takardu.

Nan duniya ta yi laushi.

Ranar da ke dukan gilashi ta daina zafi. Hayaniyar 'yan dako ta yi nisa, kamar ina jin ta daga cikin rijiya. Sai ga ni a gonar geronmu ta Daddara, zangarniya ta fi ni tsawo, iska na kaɗa ta a hankali. Ga Inna, Allah ya jiƙanta, zaune tana tuƙa tuwon dawa, ƙanshin har cikin raina. Ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun da ta rasu. Ina ta tafiya wurinta, ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Wallahi ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Wannan daɗin ne ke firgita ni har yau.

Sauran labarin ba ni aka yi. An ciro ni daga mota an kwantar a gindin darbejiya, idona buɗe, ina dariya ina sambatu. Aka ce iska ce ta buge ni. Wani malami cikin fasinja ya fara tofi.

Sai wata Hajiya 'yar Maraɗi mai fataucin dabino ta kutsa cikin mutane. Ta ce, "Wanga ba iska ba ce, sukarinai ya faɗi. Haka maigidana ke yi. Ku ba shi dabino maza!"

Aminina Sale, direba ne shi ma, ya tare gabanta. "Hajiya, azumi yake! Yau Alhamis, bai taɓa sha ba."

Ladana yake kare mini, bawan Allah.

Ta ce, "Na nafila? To ku tsaya nan ya mutu da ladansa."

Malamin ya dakata da tofi ya ce, "Ku ba shi. Rai ya fi gaban haka." Ta jiƙa dabino ta murje shi a tafin hannu, Sale da kansa ya riƙa shafa mini a cikin kumatu yana kuka. Gonar ta fara dusashewa. Na ji haushi, ku yarda da ni, har na ture hannunsa.

Kwana shida na yi a asibiti. Ƙarin ruwa, huda yatsa don auna suga sau huɗu a yini, gwajin ƙoda, gwajin zuciya. Ragon da nake kiwo na layya a nan ya tafi.

Likita ya ce, "Ka yanke hatsi, ka ƙara azumi, ka bar magani yadda yake. Me kake so jikin ya yi?" Sai ya tambaye ni mutum nawa ke motar. Na ce tara. Ya ci gaba da rubutu. Da layin nan bai tsare mu ba, da a kan kwalta abin zai same ni ina gudu.

Wata uku aka hana ni tuƙi. Yanzu an canza mini magani, tuwo malmala ɗaya, miya da ganye da yawa, tattaki bayan asuba. Ƙibar na sauka a hankali, ba da gudu ba. Alhamdu lillahi.

Mai shan maganin suga, kada ka taɓa abincinka ko ka ƙara azumi sai ka tambayi likitanka. Ka riƙa yawo da dabino a aljihu. Wanda ya suma ɗungurungum kada a ɗura masa komai a baki, a ruga da shi asibiti. Kuma ka gaya wa abokan aikinka ciwonka. Masoyana ne suka kewaye ni ranar, ba wanda ya san abin da zai ba ni.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajara da Sale da ma'aikatan jinya.

Hajiyar nan kuwa, da aka wuce da ni asibiti ta sauke buhunanta daga motata ta shiga wata motar. Ba wanda ya tambayi sunanta. 'Yan Maraɗi da ke nan, don Allah in kun san mai dabinon da mijinta ke fama da suga, ku ce mata direban nan ya tashi.